Kawu Sallau da Kumfar Yallaɓai

Duk wanda ya zauna da Kawu Sallau, ko na yini ɗaya ne, ya san tambayarsa. Ka miƙa masa abu, ba zai karɓa ba tukuna. Sai ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Kyauta ne?" In ka ce e, hannu biyu zai sa. In ka ɗan yi jinkirin amsa, kafin ka buɗe baki ya mayar da hannunsa aljihu, ya ce ai shi a ƙoshe yake. Dabinon ƙofar masallaci, ruwan sanyin da Larabawa ke ajiyewa a bakin titi saboda masu wucewa, 'yan ƙullin sukarin da ake zubawa a teburin shago, duk a aljihun Kawu suke kwana. Awudu ɗan Kumasi, wanda ke tura baro a kasuwar Souq Waqif, ya rantse da Allah ya taɓa yi masa sallama, sai da Kawu ya yi jim kafin ya amsa, yana tunanin ko akwai caji a ciki.

Kun ce in rubuta wani abu a kansa a zauren nan namu na waya, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa, ni ne kuma na fi kowa shan faɗansa. Yau kwana arba'in ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Gadonsa na nan ƙarƙashin nawa, kamfani bai kawo kowa ba har yanzu, kuma babu wanda ya yarda ya ɗora ko tawul a kai. To ga shi nan dai, yadda ya zo min.

Waɗanda suka zo daga baya ba su san yadda aka yi Kawu ya koma aiki a unguwar Al Aziziya ba. Ya daɗe yana jan motar leburori, gwiwarsa ta fara ciwo, sai aka yi masa hanya ya koma direban gidan wani Bature injiniya. Ranar da zai fara, da asuba ya goge riga, ya shafa turaren da aka ba shi kyauta, ya ce min, "Nasiru, wahala ta ƙare. Yara zan riƙa kaiwa makaranta cikin sanyi."

Kafin azahar sai ga waya.

"Nasiru, kana kai kaɗai?"

Na ce, "Ina bakin aiki, Kawu. Lafiya?"

"Babu yara a gidan nan. Sun girma, suna ƙasarsu."

"To wa za ka riƙa tuƙawa?"

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Kare."

Wallahi na yi ƙoƙari. Ina tsaye a ƙofar wani bene a unguwar West Bay, sanye da kakin gadi, manyan mutane na shiga suna fita, amma dariyar ta ƙwace min. Ya ce, "Yi ta yi, ɗan banza. Amma in maganar nan ta isa Malumfashi, ni da kai har lahira."

Karen ƙato ne, mai ruwan zuma, gashi har ƙasa. Madam, matar Baturen, ta sa masa suna Biskit. Kawu ya ce shi ba zai kira rai da sunan abin shan shayi ba. Ya duba ya ga wa ke zama a kujerar baya, wa ake buɗe wa ƙofa, wa ake kunna wa na'urar sanyi kafin ya shiga, sai ya ce ai wannan ba Biskit ba ne, Yallaɓai ne. Da haka sunan ya bi shi. Farko-farko ko igiyarsa ba ya taɓawa sai da safar hannu. Riga biyu yake tafiya da ita, ta aiki da ta salla, ta sallar a ɗaure cikin leda biyu a but ɗin mota. In karen ya matso zai shinshine shi, sai ka ji yana, "A'a, Yallaɓai, mutunci! Kowa ya tsaya a matsayinsa."

A gida kuwa abin da Inna Lami, matarsa, ta sani shi ne mijinta na tuƙa wani babban mutum mai suna Yallaɓai, mai kirki, ba ya faɗa, ba ya yawan magana. Duk ba ƙarya. Kullum in sun yi waya sai ta ce a gaishe shi. Da wani ɗan garinmu zai dawo daga hutu, sai ta ba shi hula zanna, aikin hannu, ta ce a kai wa Yallaɓai tukuicin riƙon da yake wa mijinta. Ina wurin da Kawu ya kira ta zai yi godiya, muna cikin mota, karen na baya. Ta ce, "Ta yi masa daidai kuwa?" Kawu ya waiwaya ya dubi kan karen da kyau, ya ce, "Ta ɗan yi masa yawa ta wajen kunne." Daidai nan wata mage ta gifta, Yallaɓai ya saki wani irin haushi da ya girgiza gilashi. Inna Lami ta ce, "Innalillahi! Mene ne wannan?" Kawu ko gezau, ya ce, "Shi ne. Mura yake fama da ita." Ta ce Allah sarki, a dafa masa citta da kanumfari.

Har yau ba ta sani ba. Ina roƙonku, wanda duk ya je gida, ya bar ta a haka.

Yanzu maganar kumfa. Aikin Kawu na safe shi ne ya kai karen yawo kafin rana ta buɗe, sannan a kan hanyar dawowa ya sayo wa Madam gahawa a irin shagon nan da ake saye ta taga, ba sai ka sauka daga mota ba. Wata yarinya 'yar Filifin ce a tagar, kullum da murmushi ko da layin ya kai titi. Ran nan ta miƙo gahawar, sai ta hango Yallaɓai ya leƙo da kai. Ta yi ihun murna, ta juya, ta dawo da wani ɗan ƙaramin kofin takarda cike da kirim ɗin nan fari mai kumfa da suke ɗorawa a kan abin sha. Ta miƙo.

Kawu ya runtse ido. Kun san me ya tambaya.

Ta ce kyauta ne, na kare ne, haka shagon ke yi wa duk karen da ya zo.

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

"To ni fa?"

Ta yi dariya, ta nuna masa allon farashi.

Ranar Juma'a da muka haɗu ya ba mu labarin, muna ta kwasar dariya, shi ko bai yi ba. Ya ce, "Ku yi ta washe haƙora. Ni shekarata tara a ƙasar nan. Na kwashi mutane na kai su sun gina benayen da ban taɓa hawa ba. Ba a taɓa kirana ta taga an ce ungo wannan, don mun ga fuskarka mun ji daɗi ba. Kare ya leƙo sau ɗaya!" Ya girgiza kai. "Ni ba hassada nake ba. Ina dai lura ne."

Muka daina dariyar, don kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Amma Kawu ba ya barin abu ya daɗe yana yi masa ciwo, sai ya mayar da shi aiki. Cikin sati biyu ya gano ba shago ɗaya ba ne ke wannan al'ada. Ya bi ya haddace su, daga Al Aziziya har West Bay, ya san mai buɗewa da wuri, ya san mai cika kofi, ya san mai rowa. Yawon safe ya koma ziyarar tagogi. Ya tsaya nan, Yallaɓai ya leƙa, a miƙo, ya lashe, su wuce na gaba. Na ce, "Kawu, man da kake ƙonawa fa?" Ya ce, "Man Bature ne. Kumfar kuma in ba mu karɓa ba, wani karen za a ba wanda bai kai namu ladabi ba."

Bayan 'yan watanni Yallaɓai ya kasa hawa mota sai an tura shi ta baya. Madam ta tsorata, suka tafi wajen likitan dabbobi. Aka ɗora shi a sikeli, likitan ya cire tabarau ya mayar, ya tambayi me yake ci. Madam ta lissafa abincinsa na gwangwani da ake aunawa da cokali. Sai duka suka juyo suka dubi Kawu. Ya ce shi dai bai taɓa saya masa komai ba, ko sau ɗaya, a ɗora masa Alƙur'ani. Asiri bai tonu ba sai da Madam ta ga tarin 'yan kofuna a aljihun ƙofar mota, a wanke, a jere cikin juna, don Kawu ba ya yar da kofi mai kyau. Ta yi faɗa ranar har ta yi kuka, ta ce in ya sake za ta mayar da shi wajen kafil ɗinsa, mai riƙe da bizarsa, a nemo wani. Kawu ya dawo jikinsa a sanyaye, don ya san in aikin nan ya tafi, bizar ma ta bi shi. Aka yanke hukunci: kofi ɗaya, a tagar 'yar Filifin, shi ke nan.

Shi ya zauna ya yi wa karen bayani da Hausa. Ya ce, "Yallaɓai, likita ya hana. Ni ma an ce in bar gishiri, amma ni ba ni da Madam mai sa min ido. Kai kana da gata, sai ka yi haƙuri."

Lokacin ai karen ya fi jin Hausa a kan Turanci. Madam za ta yi ta ce masa ya zauna da yarensu, yana kallonta yana kaɗa jela. Kawu na cewa, "Zauna, ɗan banza!" sai ka ji dim, ya zauna. Ran nan ta tambaye shi mene ne ma'anar ɗan banza. Me zai ce? Ya ce, "Yaron kirki, Madam." Ta rubuta a wayarta. Da Babbar Salla ta zo, ta kira shi falo a gaban mijinta da baƙi, ta ba shi sabuwar riga a kwali, ta dafa ƙirji, ta ce da Hausarta da ta kwana tana koyo, "Sallau, kai ɗan banza ne sosai." Kawu ya rusuna ya karɓa hannu biyu, ya ce, "Na gode, Madam. Haka ake faɗa a garinmu ma."

Abin da ya fi ba mu mamaki kuwa, mutumin da ba ya barin ƙullin sukari a tebur, bai taɓa ɗanɗana kumfar nan ba. Ko da yatsa. Mun tsokane shi har mun gaji. Ya ce da sunan kare aka bayar, haƙƙin kare ne, shi ba zai tashi ranar hisabi ana shari'a tsakaninsa da Yallaɓai a gaban jama'a ba.

Wata Juma'a aka kai karen aski, wai sai bayan awa biyu a dawo a ɗauke shi. Kawu ya biyo ya ɗauke ni da Awudu mu tafi masallaci, ya ce amma sai ya fara sayo wa Madam gahawa. Muna shiga layi Awudu ya kwanta a kujerar baya, ya ja bargon karen ya rufa.

"Kawu, ka bari in yi haushi kaɗan. Walahi ba za ta gane ba. Ni ma ina so in ji abin da karen nan ke ji."

"Awudu, tashi. Ranar Juma'a ce."

"Sau biyu kawai!"

Muna isa taga Awudu ya fara. Jama'a, ban taɓa jin haushi mai karin harshen Kumasi ba sai ranar. Yarinyar ta yi murna, ta cika kofi ta miƙo, tana leƙe tana kiran Biskit, Biskit. Kawu ya ɗaga hannu ya tare kofin. Ya miƙa ɗaya hannun baya ya fizge bargon, ga Awudu nan, ƙato da gemu, ya naɗe ƙafa. Kawu ya ce mata da Turancinsa na direbobi, wannan ba kare ba ne, wannan Ghana ne. Yarinyar ta durƙushe a bayan taga don dariya, motocin baya suna ta hon, wani Balarabe na ihu yalla, yalla. Kawu ya ja mota da gahawar Madam kaɗai. Muka wuce masallaci. Sai da muna cire takalmi ya dubi Awudu ya ce, "Ka sake alwala. Ban san hukuncin wanda ya yi haushi ba, amma ka sake."

Shekara huɗu suka yi tare. A cikinsu sau ɗaya ya je gida. Duk lokacin da hutunsa ya zo sai ya ce bari a gama rufin ɗakin Inna Lami, bari 'yarsa ta gama makaranta, bari zafi ya wuce. Ni ma ban matsa masa ba, don ni ma abin da nake faɗa wa tawa matar ke nan.

Sai kwangilar Baturen ta ƙare. Wata guda ana shirin tafiyar Yallaɓai: allurai, takardu, hatimi, har wani ɗan littafi mai hotonsa. Kawu ne ke kai shi ofis-ofis. Ya ce min, "Nasiru, ka ga fasfo ɗinsa? Ya fi nawa kyau. Shi ba a ce ya cire hula ba." Madam ta yi masa kirki daidai gwargwado, ta sa hannu aka mayar da shi kamfaninmu, ya zama direban bas ɗin da ke kai mu gadi. Amma a gidan nan mutum ɗaya ne ba zai shiga jirgi da su ba, kuma kowa ya san wane ne.

Ni na raka shi filin jirgi, ɓangaren kaya, don a taimaka a sauke kejin. Da ma'aikata suka zo za su tura shi ciki, karen ya fara wani kuka siriri da ban taɓa jin ya yi ba. Kawu ya ce su dakata. Ya tsuguna da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya cire safar hannu, ya zura yatsunsa ta cikin ragar, karen na lasa. Ya ce, "To, Yallaɓai. Can an ce sanyi ne, ka ji daɗinka. Ban cuce ka ba, kai ma ba ka cuce ni ba. In na yi maka tsawa, ka yafe." Ya miƙe ya juya baya. A mota na ce, "Kawu, kuka kake?" Ya ce, "Gashinsa ne ya shiga min ido, shashasha. Shekara huɗu yana shiga."

Bayan sati ɗaya, ranar hutunmu, ya ce in zo in raka shi wani wuri. Muka hau bas muka sauka Al Aziziya, muka taka har shagon. Na zaci ciki za mu shiga. Ina! Kawu ya bi layin motoci da ƙafa, ya tsaya tsakanin wata jibgegiyar mota da wata, rana na dukan mu, hayaƙi na bugun ƙafafunmu. Mota ta matsa, shi ma ya matsa. Na ce, "Kawu, don Allah mutane na kallonmu." Ya ce, "Ta nan na saba zuwa."

Da muka isa tagar, yarinyar ta buɗe baki. Ya ce mata ya zo ne ya gaya mata Yallaɓai ya yi tafiya, ba zai dawo ba, kada ta riƙa duba hanya. Ta juya ciki, ta dawo da ɗan kofin nan, ta cika shi har ya yi tozo, ta ce, "Wannan naka ne, Baba. Ba na kare ba. Naka."

Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya karɓa. Muka koma gefe, ƙarƙashin wata 'yar inuwa, ya sa yatsa ya lakato ya kai baki. Ya mamula. Ya sake lakatowa. Ina jira in ji me zai ce.

Ya ce, "Nasiru."

"Na'am, Kawu."

"Ashe iska ce. Iska ce kawai da ɗan sukari." Ya dubi kofin. "Shekara huɗu ina kishin iska."

Na yi dariya har na riƙe ciki, shi ma ya yi. Amma ya shanye tas, ya lashe gefen.

Daga nan Kawu bai ƙara komawa daidai ba. Ba wani ciwo da za ka nuna, sai dai faɗan ya ragu, kuma ku kun san Kawu ba faɗa ba Kawu ba ne. Yana tuƙa mu da safe, ya dawo da mu da yamma, ya ci abinci kaɗan, ya kwanta yana kallon ƙasan gadona. Na ce mu je asibiti a duba hawan jinin, ya ce sai ranar hutu. Ranar hutu ya ce sai ta gaba. Ya fara maganar gida da gaske, har ya sa na tambayo masa yadda ake ajiye aiki, ya ce in watan azumi ya kama a Malumfashi zai sha ruwa.

Ranar Talata ce. Ya sauke mu a West Bay kamar kullum, ya yi min tsawa in gyara belet, ya ja bas ɗin ya kai wajen ajiya, ya kashe inji, ya ja burkin hannu. A nan aka same shi da hantsi, zaune a kujerarsa, kansa a jingine da gilashi.

Inna Lami ta ce a rufe shi nan, kada a wahalar da gawarsa da jiran takardu. Mu goma sha ɗaya ne muka samu izinin fita daga aiki. Awudu ya ajiye baronsa ya zo da ƙafa da bas, shi ya shiga kabarin tare da ni. Ƙasar wurin fara ce, mai tsakuwa, ba irin tamu ba, babu bishiya ko ɗaya. Muka gama, muka tsaya cirko-cirko, har direban da ya kawo mu ya fara duba agogo, don wasunmu za su karɓi aikin yamma.

Ya Allah, ga bawanKa Sallau nan, baƙo a ƙasar da ba tasa ba. Ka san gajiyarsa fiye da mu. Ka yafe masa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa ya huta. Ka ba Inna Lami da yara haƙuri. Mu kuma da muka rage a nan, Ka mayar da mu gida da ƙafafunmu.

Amin.